Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma a gaban wa?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai shaye-shaye ya san ƙwaya ba ta zuwa ita kaɗai, da ƙarya take tafe. Mutum zai yi wa mahaifiyarsa ƙarya kan inda kuɗi suka shiga, ya yi wa maigidansa ƙarya kan makarar da ya yi, daga baya ya juyo yana yi wa kansa: gobe zan daina. Shi ya sa hanyoyin magani da aka gwada suka yi aiki, tun daga ƙungiyar tubabbun mashaya giya da aka kafa a garin Akron na Amurka a 1935 har zuwa ɗakin likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Barnawa, daga wuri guda suke farawa. Mutum ya zauna gaban wani ya buɗe baki ya faɗi ainihin halin da yake ciki.

To akwai wani majinyaci a cikinmu da faɗin gaskiya ke iya kai shi gidan yari, ko hannun 'yan unguwa. Namiji ne mai neman maza. Yana ɗauke da ciwon da ba a rabuwa da shi, sau da yawa ƙwayar cutar HIV, wani lokacin sikila ko ciwon hanta. Kuma ya faɗa wa tiramol ko kodin ko allurar kashe raɗaɗi ta fenta, yanzu yana neman hanyar fita. Asiri uku ke nan a cikin mutum ɗaya, kowanne ya isa a kore shi daga gida. Na san akwai mai karatu da ya riga ya ja tsaki tun a nan. Ya yi haƙuri ya ƙarasa, don magana ce ta lafiyar gari, kuma ta shafi gidansa fiye da yadda yake zato.

Mu fara da yawan abin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a Najeriya cikin shekara guda, kuma kusan miliyan 3 daga cikinsu abin ya riga ya zame musu ciwo. Tun kafin wannan, a 2017, an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalabar kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. A ɓangaren HIV kuwa, babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ita. Amma binciken da gwamnati ta yi a 2020 a kan rukunonin da suka fi shiga haɗari ya nuna cewa a cikin maza masu neman maza, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne. A tsaya a kalli tazarar nan da kyau. Inda annobar ƙwaya da ta HIV suka haɗu, mutanen nan na tsakiya, kuma ba daga wata ƙasa aka yi jigilarsu ba. Tela ne a layinku, malamin makaranta ne, ɗan kasuwar waya ne, wasu da aurensu da 'ya'yansu.

Masu bincike a ƙasashe da dama sun daɗe da lura cewa shaye-shaye ya fi yawa a cikin irin waɗannan maza, kuma dalilin ba wani abin mamaki ba ne. Yaron da tun yana shekara goma sha uku ya gane yana da wani abu da in aka sani zai rasa uwa da uba, ya tashi yana auna tafiyarsa da muryarsa da dariyarsa, yana jin ana tsine wa irinsa a majalisa shi ma yana taya su tsinewa don kada a gane, wannan yaron bai san barcin kwanciyar hankali ba. Ranar da wani ya miƙa masa kwalba ya ji ƙirjinsa ya saki a karon farko, an gama. Daga baya sakamakon gwaji ya fito, asiri ya zama biyu, adadin ƙwayar da yake haɗiya ya ninka. Mai sikila kuma tasa ƙofar daban ce: ciwon ƙashi na gaske ne ya kai shi ga fenta, da hannun ma'aikacin lafiya ma aka fara yi masa, sai ga shi yana yi wa kansa a ɗaki har cinyoyi su yi gyambo.

Yanzu a ce ya gaji, ya yanke shawarar dainawa. Ina zai nufa?

Tambayar farko da mai ba da shawara zai yi masa ita ce, me ke tayar maka da sha'awar sha? A wane wuri, da su wa, bayan wane irin ɓacin rai? Wannan ba tsegumi ba ne, shi ne aikin gaba ɗaya, domin sai an san abin da ke tunzura mutum ake iya tsara masa yadda zai kauce. Amsar gaskiya a wurin mutuminmu ita ce: ina sha ne in na dawo daga wurin wane, ko in wani da ke riƙe da hotunana ya kira yana neman kuɗi, ko in Hajiya ta sake tayar da maganar aure. Ba zai faɗa ba. Zai ce rashin aikin yi ne, ko abokan banza. Sai a ɗora masa magani a kan labarin da ya ƙirƙira, ya fita, bayan wata biyu ya koma ruwa, a ce ai dama ba shi da niyya.

Kuma tsoronsa ba na banza ba ne. Dokar hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ba a kan aure kaɗai ta tsaya ba. Bayan shekara 14 ga wanda ya ƙulla auren, ta tanadi shekara 10 ga wanda ya kafa ko ya shiga ko ya tallafa wa ƙungiyar masu neman jinsi. A jihohi 12 na Arewa kuma akwai dokokin shari'a da hukuncinsu ya kai jifa. A tsakiyar 2022 wata kotu a Ningi ta jihar Bauchi ta yanke wa maza uku wannan hukunci, a Disambar shekarar kuma Hisbah ta kama mutum 19 a Kano bisa zargin bikin auren jinsi. Wasu masu bincike da ke bibiyar maza fiye da 700 a wani asibiti a Abuja sun auna abin da dokar 2014 ta haifar, aka buga sakamakon a mujallar Lancet HIV a 2015. Masu tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari, masu ƙaurace masa gaba ɗaya daga kashi 20 zuwa 28. Binciken ya kuma nuna cewa waɗanda suka iya gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiyar rayuwarsu sun fi kama magani, kuma maganin ya fi danne musu ƙwayar cutar. Ko mutum yana ganin dokar daidai ce, ya kamata ya san farashinta, kuma a asibiti ake biyan sa.

Wurin da iyaye da yawa suka fi sani kuwa shi ne gidan mari. Ba mu manta da Rigasa ba, a Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida, wasu da sasari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala, wasu suna ba da labarin fyaɗen da aka yi musu a ciki. Makonni kaɗan bayan nan aka bankaɗo irinsa a Daura da wasu garuruwa. Ban ɗora wa iyayen laifi duka ba. Uwar da ɗanta ya sayar mata da keken ɗinki ya sha, ba ta da kuɗin asibitin kuɗi, kuma ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200 likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, ina za ta kai shi? Amma a yi tunanin mai HIV a cikin mari. Maganinsa na kullum ne, ƙwaya ɗaya a rana. In ya faɗa asirinsa ya tonu a gaban mutum ɗari, in ya yi shiru magani ya yanke. Wata shida ba magani ya isa ƙwayar cutar ta dawo da ƙarfinta, tarin fuka ya samu ƙofa, wani lokacin ma maganin farko ya daina yi masa aiki.

Ga kuma abin da masu mari ba su sani ba, ko ba su damu su sani ba. Yanke wa mutum ƙwayoyin barci irin su roci ko diyazafam lokaci guda bayan ya shekara yana sha na iya jefa shi cikin farfaɗiya har ya mutu; a hankali ake rage su, a ƙarƙashin kulawar likita. Tiramol ɗin kasuwa mai miligiram 225, wanda ya ninka na asibiti fiye da sau biyu, shi kansa yana kawo farfaɗiya, kuma yana rikici da wasu magungunan ciwon damuwa. Maganin tarin fuka na rifamfisin yana rage ƙarfin dolutegrabir, babban sinadarin maganin HIV na yanzu, sai an ƙara adadinsa. Sannan mafi haɗarin lokaci ga mai shan kodin ko tiramol shi ne makonnin farko bayan an sake shi, domin jiki ya manta da yawan da ya saba ɗauka, in ya koma ya sha irin na da, numfashi na iya tsayawa. Duk waɗannan abubuwa ne da likita zai iya kiyayewa in ya san majinyacinsa ciki da bai. Amma mu mun raba mutum gida-gida: asibitin HIV ya san ciwonsa bai san ƙwayarsa ba, likitan ƙwaƙwalwa ya san ƙwayarsa bai san ciwonsa ba, asiri na ukun kuwa ba wanda ya sani sai mai yi masa barazana.

Akwai wani kuskure da muke yi wa duk masu shaye-shaye, wanda ya fi yi wa wannan mutumin illa. Muna ɗaukar dainawa kamar cire haƙori, a yi sau ɗaya a huta. Likitocin fannin sun daɗe suna cewa jarabar ƙwaya ciwo ce mai tafiya tana dawowa. Alƙaluman da cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka ke bayarwa sun nuna kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan sake komawa, adadin da bai wuce na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke tashi ba. Ba wanda ke korar mai hawan jini daga asibiti don jininsa ya sake hawa. Abin lura ma shi ne, mai HIV ko sikila ya riga ya iya zama da ciwon da ba ya ƙarewa: ya san ranar karɓar magani, ya san alamun jikinsa, ya san yau da sauƙi gobe babu. Wannan ilimi ne da mai neman barin ƙwaya ke buƙata, kuma shi yana da shi a hannu. Abin da ya rasa shi ne wurin da zai dawo ya ce na zame, ba tare da an ce masa dama irinku.

Na san abin da za a ce: addini ya haramta, al'ada ta ƙi, kai kuma kana nema musu sauƙi. Ban zo yin fatawa ba, ba fagena ba ne, malamai na nan. Tambayata ƙarama ce: wane ne ya ce sai mutum ya gama tuba kafin a ba shi magani? Mazinaci na zuwa asibiti da ciwon sanyi a yi masa allura. Ɗan daba na zuwa da sara a ɗinke shi. Ɓarawon gwamnati na zuwa da ciwon sukari har a miƙe masa tsaye. Ba a taɓa tambayar ɗayansu takardar shaidar tuba ba. In aka ware mutum ɗaya aka ce shi kaɗai ne sai ya canja kafin a taɓa shi, to ba tsoron Allah ne ke aiki a nan ba, ƙyama ce, kuma gara mu kira ta da sunanta.

Addinin da ake kafa hujja da shi ma ba haka ya yi da mashaya ba. Giya ba rana ɗaya aka haramta ta ba, mataki-mataki aka bi. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce da a ce abin da ya fara sauka shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za mu bar giya ba har abada. Kuma Bukhari ya kawo labarin wani sahabi da aka sha kawowa gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi don yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Mutum ne da ya koma ruwa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, amma ba a fitar da shi daga cikin jama'a ba. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, hadisin suturta Musulmi kuwa yaran Islamiyya ma sun haddace shi. Ma'aikaciyar jinyar da ta ga sunan ɗan unguwarsu a rajista ta je ta fesa a gidan biki ta saɓa wa wannan, ta kuma saɓa wa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da ta wajabta riƙe sirrin majinyaci, da dokar hana nuna wariya ga masu HIV ta wannan shekarar. Dokokin suna nan a takarda. Sau nawa aka ji an hukunta wani a kansu?

Sai maganin da muka fi yarda da shi a ƙasar Hausa: a yi masa aure zai nutsu. Yana shaye-shaye, a yi masa aure. Ana raɗe-raɗin ba ya kula mata, a gaggauta yi masa aure. A nan ne maganar ta daina zama tasa shi kaɗai. An ɗauko 'yar mutane, yarinyar da ba ta ji ba ba ta gani ba, an mai da ita asibiti. Ba ta san yana sha ba sai ta ga kwalabe a bayan gado, ba ta san da ciwo ba sai ranar awon ciki. Jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da HIV da ciwon hanta da rukunin jini na sikila, kuma mataki ne mai kyau. Sai dai gwajin rana ɗaya ba ya tsare shekara ashirin na zaman aure. Abin da ke tsare matar shi ne mijin ya kasance yana kan magani ba fashi. Ilimi ya tabbatar cewa wanda magani ya danne masa ƙwayar HIV har ba a iya ganin ta a awon jini ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa. Wani babban bincike a Turai da aka buga a 2019 ya bibiyi ɗaruruwan maza masu zama da maza, ɗaya na da cutar yana kan magani ɗaya ba shi da ita, ba a samu ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba. Ma'ana, duk ranar da aka kunyata namiji ya gudu daga asibiti, ko ƙwaya ta sa ya manta maganinsa, akwai yiwuwar wata mata a wani gida ce za ta biya, ita da jaririnta. Wanda bai ji tausayin mijin ba, ya ji nata.

Shekaru da dama, 'yan wuraren da irin wannan mutum ke iya zuwa ya yi magana ba fargaba ƙananan cibiyoyi ne da ke ba da gwaji da magani da shawara a rufi ɗaya, kuma kusan dukkansu da kuɗin waje suke tafiya, musamman shirin PEPFAR na Amurka mai yaƙi da HIV da aka fara a 2003 da kuma asusun Global Fund. A Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje. Da aka sassauta, maganin rigakafin kamuwa da HIV sai aka taƙaita shi ga masu ciki da masu shayarwa. Gwamnatin Najeriya ta ware ƙarin dala miliyan 200 don cike giɓin lafiya, abin a yaba. Amma sayen ƙwayar magani daban, riƙe ɗakin da mutum zai shiga ya faɗi gaskiya daban, kuma ban ga ɗan siyasar da zai tsaya a majalisa ya kare kasafin wannan ɗakin ba. Mun bar wa baƙi aikin da muke jin kunyar yi, muna zaginsu a kai, yanzu sun fara tattara kayansu.

Abin da ya rage a hannunmu ba ya buƙatar a canja aƙidar kowa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a mutunta shi, jihohi su ɗauke ta su yi aiki da ita, a daina barin kowa ya buɗe gida ya sayi sarƙa ya ce yana gyaran tarbiyya. Duk asibitin da ke ba da maganin HIV ko yake duba masu sikila ya riƙa tambayar majinyaci game da ƙwaya kamar yadda yake auna masa nauyi, a kuma samu mai ba da shawara a nan cikin harabar, kada a tura shi wani gari ya sake buɗe cikinsa ga baƙuwar fuska. Hukumar NDLEA, wadda tun zuwan Buba Marwa a 2021 take yawan maganar jinya ba kame kaɗai ba, ta koya wa masu ba da shawararta cewa abin da majinyaci ya faɗa a ɗaki ba rahoton bincike ba ne. Ma'aikacin lafiyar da ya tona asiri kuma a hukunta shi a fili, ko mutum ɗaya ne, sauran za su shiga taitayinsu.

A gida kuwa, ba dole ne uwa ta san komai ba, kuma sau da yawa ta sani, shiru kawai ta yi. Ba a nemi ta ce ta yarda da abin da zuciyarta ba ta yarda da shi ba. Ta bar masa ɗakinsa da kwanon abincinsa, ta tambaye shi ko ya sha maganinsa na yau, in ya zame ta raka shi wurin likita maimakon wurin mai mari. Yayyensa maza da ke cewa ya zubar musu da mutunci su tuna cewa korar sa ba ta mai da shi ɗan wani gida, tasha ko kango za ta mai da shi, inda ƙwaya ta fi abinci araha, kuma daga can gawarsa ƙofar gidan nan dai za a kawo ta.